Rula Shida Daga Tayar Baya

4 ga Maris

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na sansanin gyaran hanya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mama da take tashi in ta daɗe a tsaye. Ta ce in gaya maka maganin shafawar da ka aiko ya kusa ƙarewa, kuma ya fi na kemis aiki. A makaranta na zo ta uku a gwajin kimiyya.

Ka yi haƙuri da tsawon wannan takarda. Na san waya ba ta shiga inda kuke, amma ko tana shiga bakina ba zai iya ba. Rubutu ya fi mini sauƙi.

Baba ya samu aikin kai ruwa wurin masu buga bulo, a bayan tudun nan da hanya take gangarowa ta yi kwana a bakin gada. Ya sayi ƙaramar tirela mai taya biyu, ya ɗora mata tanki, yana ja da a-kori-kurarsa sawu huɗu a rana. Da farko ƙugiyar da ake maƙala tirelar tana manne a ƙarƙashin bamba. Sai ya zama in tirela tana maƙale ƙofar bodi ba ta buɗuwa, tana dukan wuyan tirelar, shi kuma a cikin bodin yake ajiye injin jan ruwa da tiyo. Kullum sai ya kwance tirela kafin ya sauke inji, sannan ya sake maƙalawa. Shi ne amininsa Mai Walda ya haɗa masa ƙarfe biyu masu kauri, ya ja ƙugiyar can baya. Yanzu ƙofa tana buɗuwa har ƙasa.

Ranar da aka gama, Mai Walda ya hau ƙarfen yana tsalle, yana cewa, "Wannan ko giwa ka ɗaura, sai dai igiya ta tsinke."

Baba ya ce, "Giwa ai ba ta kai ka nauyi ba. Sauko kar ka karya mini sifirin."

Ga abin da ya dame ni. In tanki ya cika, bayan motar yana durƙushewa, gabanta kuma ya ɗaga kamar akuya tana leƙen katanga. Shekaranjiya Baba ya rage mini hanya zuwa makaranta. A kwanar kasuwa ya juya sitiyari, amma motar ta ci gaba a miƙe kamar ba ta ji ba, sai daga baya ta bi. Na ce a hankali, "Baba, kamar gaban motar ya yi sauƙi."

Ya yi dariya har yana dukan sitiyari. "Surukata ta fara koya wa direba tuƙi! Shekara talatin ina kan wannan kujera, Hajiya, amma ina sauraro." Ka san tun da aka sa mini sunan Kaka haka yake tsokanata. Kunya ta rufe ni har ya sauke ni.

Jiya da ya tafi masallaci na ɗauki rulata ta makaranta, mai santimita talatin, na auna daga tsakiyar tayar baya zuwa ƙugiyar. Rula shida. Inda take da farko, alamar tsatsarta tana nan, rula huɗu ne.

Kawu, kai ne aikinka haɗa manyan motoci da tireloli. Wannan ba komai ne, ko kuwa? In tsoro ne kawai irin nawa, ka gaya mini in daina.

'Yarka.

*

19 ga Maris

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ni jiya ta hannun direban da ke kawo mana kayan abinci. Lafiyata ƙalau, sai sauro da ya mai da ni gonarsa. Ga maganin Yaya nan kwalba biyu. Ta uku kika zo? Wa ya ba waɗancan biyun izinin wuce uwata?

Tsoronki yana kan hanya. Ki ɗauki rular nan taki ki ɗora a kan fensir, ki danna ƙarshenta. Ɗaya ƙarshen zai tashi. Fensir shi ne aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya. Yatsanki shi ne nauyin wuyan tirela. Yadda kika ƙara nisa da fensir, haka gaba zai ƙara tashi. Tayoyin gaba su ke juya mota, su ke ɗaukar yawancin birki, kuma taya ba ta kama ƙasa sai da nauyi a kanta. Abin da kika gani a kwanar kasuwa ke nan. Na biyu ya fi muni. In tirela ta karkata gefe, dogon ƙarfen nan ya zame mata sanda, da shi za ta ture bayan mota. Shi ya sa a nan, in kaya masu nauyi ne, a cikin bodi muke dasa ƙugiya, daidai saman aksul ko gaba da shi kaɗan. In kuwa dole sai a baya, to a matse ta kusa iya yadda za ta matsu.

Na san Yaya da maigidanta ba sa karanta boko, ke ce idon gidan. Ki karanta wa babanki wannan kamar yadda na rubuta:

Yaya, ina gaisuwa. Ka yanke ƙarfen nan yau, ba gobe ba. Ka mayar da ƙugiya inda take. Kafin nan kada ka ja ko bokiti ɗaya. Wanda ya yi maka aikin nan ya iya walda, amma bai san mota ba. Kai kuma ka sani, ƙiwar kwance tirela ce ta sa ka ɗaura ajalinka a bayanka. Wata rana a gangaren gada tirela ce za ta tuƙa ka. Ka yi fushi da ni in kana so, in dai kana raye za mu shirya.

Uwata, kar ki ji nauyi. Maganata ce, ke bakinki kawai na ara.

Ɗanki, Kawu.

*

2 ga Afrilu

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai, ina fata sauro ya sassauta. Muna lafiya. Mama ta ji daɗin maganin, ta sa maka albarka. Mun gama jarrabawa, muna jiran sakamako.

Na gwada rula da fensir, na gani da idona. Na gode.

Takardarka ta zo ranar Asabar da hantsi. Baba yana zaune a tabarma a ƙofar falo, shi da Mai Walda, suna shan shayi. Da ya ga ambulan ya ce, "Zo ki karanta mana, mu ji abin da injiniyan daji ya ce." Mama ma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Na karanta musu iya yadda zan iya.

Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Yaron nan ya yi hankali. Da can bakinsa kamar reza, yanzu ya iya magana da manya." Ya ce gaskiyarka ne, nauyi ya yi yawa a kan ƙugiya, shi ma ya lura. Mai Walda ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a rage wa wuyan nauyi. Washegari suka kwance tankin suka matsar da shi baya a kan tirelar, har ya wuce tayoyinta kaɗan, suka ɗaure da sababbin kusoshi. Ƙarfen ƙugiyar dai yana nan.

Kawu, gaskiya gaban motar ya sauko. Na tsaya daga nesa na duba da tanki cike, ta daidaita sosai, ba kamar da ba. Baba yana ɗaga wuyan tirelar da hannu ɗaya yanzu. Ya ce in gaya maka ya gode. Abu ɗaya kawai na gani: in ya wuce ƙofar gida da ɗan gudu, tirelar tana kaɗa baya kamar jelar kifi. Amma kaɗan ne, kuma in ya rage gudu tana dainawa.

Ina ganin tunda gaba ya sauko, abin da ka ji wa tsoro ya wuce ko? Ina so ka ce mini ya wuce.

'Yarka.

*

16 ga Afrilu

Uwata,

Lafiyata lau. Ruwa ya cinye mana hanya, direba ya makara, ban san yaushe wannan za ta same ki ba.

Bai wuce ba. An tsamo shi daga ruwa an jefa shi wuta. Tirelar da nauyinta ya koma bayan tayoyinta ba ta bin mota, rawa take yi, ga kuma dogon ƙarfe an ba ta ta riƙe. Kaɗa jelar da kika gani shi ne farkonsa. A gangare, in ta fara, birki ba ya tsayar da ita, ƙara mata yake yi. In tanki bai cika ba ma ya fi muni, don ruwa zai riƙa gudu gefe da gefe.

Ki ɓoye makullin motar. Ki jefa shi rijiya in ta kama, ni zan amsa.

Sannan ki gaya mini: babanki ya ce na iya magana da manya? Takardar da na rubuta ba ta mai neman yabo ba ce. Uwata, me kika karanta masa?

Kawu.

*

29 ga Afrilu

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ba mu da lafiya. Baba yana asibiti. Yana raye. Na fara da wannan don kar zuciyarka ta tsinke kafin ka kai ƙasa.

Takardarka ta zo jiya. Abin ya faru ranar ashirin da biyu.

Sawu na uku ne, bayan azahar. Ruwan rijiyar da yake ja ya yi ƙasa, bai samu ya cika tanki ba, sai ya taho da rabi. Mai faci da ke bakin gada shi ya ga komai, shi ya zo ya gaya mana. Ya ce tun daga tsakiyar gangaren tirelar ta fara, hagu, dama. Ya ga fitilar birki ta kama. A karo na uku ta ture bayan motar, motar ta juya ta fuskanci inda ta fito, ta daki ƙarfen gada ta gefen direba. Ya ce ruwan tankin ya kai har rumfarsa. Sai da aka nemo zarto aka yanka ƙofa kafin a fito da Baba. Ya ce abin da ya ba mutane mamaki, ƙarfen Mai Walda ko lanƙwasa bai yi ba.

Likitoci sun yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Haƙarƙari uku sun karye. Gadonsa na bakwai ne a ɗakin maza, kusa da taga mai fasasshen gilashi da aka toshe da kwali. Bargon yana kwanciya lebur a inda ƙafar ya kamata ta kasance, ni kuma na kasa hana idona zuwa wurin. Jiya ya ce mini, "Surukata, sosa mini ɗan yatsa, yana mini ƙaiƙayi." Na miƙa hannu kafin mu tuna mu biyu.

Mai Walda kullum yana nan. Shi yake ɗaga Baba in za a canja zanen gado. Ba ya wasa yanzu. Yana ta cewa ƙaddara ta riga fata, amma ba ya kallon Mama in yana faɗa.

Mama fushi take da kai. Da direbanku ya kawo takardar jiya, ta ɗauko kwalbar magani da ba ta buɗe ba ta ce ya mayar maka. Ta ce, "Shi da ya san aikin, ya hango rami, sai ya ce a riƙa lura? Haka ake gaya wa mutum wuta na cin rigarsa? Ni na goya shi, amma ya zaɓi ladabi ya bar mini miji a hanya." Baba ya ce ta bari, amma daga baya na ji yana ce wa Mai Walda, "Da ya fito mini fili, da wataƙila." Mama ta hana ni rubuto maka. A bayan littafin lissafi nake rubuta wannan, a kan benci a barandar asibiti.

Ka tambaye ni me na karanta.

Na karanta gaisuwa, da sauro, da rula da fensir. Da na zo wurin da ka ce Yaya, idona ya riga bakina, na ga layin da ke ƙasa. Mai Walda yana zaune, gwiwarsa tana taɓa ta Baba, yana murmushi yana jiran ya ji. Na kasa cewa bai san mota ba a gabansa. Na kasa buɗe baki in ce wa ubana ƙiwa, ko da aron bakinka ne. Ajali kuma ko a zuci na kasa maimaita shi. Sai na ji kaina ina cewa, "Yaya, ina gaisuwa. Nauyi ya yi yawa a kan ƙugiya, shi ya sa gaba yake ɗagawa. A riƙa lura, musamman a gangare." Na naɗe takardar. Na ce a raina zan karanta masa sauran in ya kaɗaita. Kwana ashirin da biyar ina da dama. Kullum sai in ce gobe. Da gaban motar ya sauko, sai na ce wa kaina ai shi ke nan.

Ba wanda ya sani sai kai. Takardarka ta jiya ma na ce musu gaisuwa ce kawai.

Ban san me nake roƙo ba.

'Yarka.

*

11 ga Mayu

Uwata,

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Allah ya ba babanki lafiya, ya sa kaffara ce. Na nemi hutu, sun ce sai an gama gadar da muke kai, ƙarshen wata mai zuwa.

Ki saurare ni. Laifina ne. Na san halinki tun kina rarrafe, ko ruwa ba kya iya roƙa a gidan mutane. Na ɗauki kayan da ya kamata in ɗauka da kaina na ɗora wa yarinya 'yar shekara sha shida. Da na ba direba saƙon baki, da ya faɗa ba tare da ya ji komai ba. Ban yi tunani ba.

Ki ƙone takardun nan biyu. Ki bar Yaya ta yi fushi da ni. Ta saba, tun ina yaro take dukana da mafici, kuma ina nesa, fushin ba ya iso ni da zafi. Ke kuwa a gida ɗaya kuke kwana ku tashi. Ba zan faɗa ba har abada. Ki kula da babanki, ki koma makaranta.

Ɗanki, Kawu.

*

26 ga Mayu

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai. An sallami Baba mako biyu da suka wuce. Ciwon yana warkewa, sai dai ba ya cin abinci sosai. Mai Walda ya ƙera masa abin dogarawa mai ƙafa huɗu, yana kaiwa bakin ƙofa da shi ya dawo. An ja motar zuwa garejin bayan kasuwa, masu saye suna cire abin da zai ciru. Ni na koma makaranta.

Kawu, ka yafe mini, ban bi maganarka ba. Na kai takardun har bakin murhu. Amma kullum Mama tana ambatonka da abin da ba ka yi ba, ni kuma ina zaune ina tsince mata shinkafa. Ran Laraba ta ce ko ta mutu kar a gaya maka. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Ran Asabar da hantsi na jira har Mai Walda ya zo, don a gabansa na rage, a gabansa ya kamata in cika. Baba yana kishingiɗe a doguwar kujera. Na kira Mama. Na durƙusa na ce akwai abin da ban karanta ba a takardar Kawu ta farko. Na fara karantawa ƙasa-ƙasa har sai da Baba ya ce, "Ɗaga murya, Hajiya, ba ƙafa kaɗai na rasa ba, kunnen ma ya fara." Na ɗaga. Na karanta duka, da bai san mota ba, da ƙiwa, da ajali, har zuwa in dai kana raye za mu shirya. Sannan na karanta ta biyun.

 Mai Walda ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Yaron ya yi gaskiya." Ya tashi ya fita, ya bar takalminsa a bakin ƙofa. Sai da yamma ya dawo ya ɗauka.

Baba ya daɗe yana kallon silin. Can ya ce, "Ko kin karanta ba zan ji ba. Ƙanin matata zai ce mini mai ƙiwa a gaban aminina, in tashi in yanke ƙarfe? Da na ƙara masa tsawo ma don ya ji haushi." Ya yi ƙoƙarin dariya, haƙarƙarin ya hana shi. Ya ce, "Tashi, ƙasa da sanyi."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko tausayina ya ji. Na duba fuskarsa, ya juya ta wajen bango. Ina jin ba zan taɓa sani ba.

Mama ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba. Ta karɓi takardun daga hannuna, ta juya su, ta duba layukan da ba ta iya karantawa, ta ce, "Shekara goma muna kai ki makaranta don ki zame mana ido." Shi ke nan abin da ta ce. Tana zuba mini abinci, tana tashina sallar asuba, amma tun ranar ba ta kira sunana ba.

Jiya ta ce in rubuto maka cewa ta janye maganarta, ka zo in ka samu hutu, ɗakinka yana nan. Da na gama rubuta wannan layin, ta karɓi takardar ta kai wa malamar asibiti da ke maƙwabtaka da mu, ta duba mata ko abin da ta faɗa na rubuta. Sauran na ƙara ne bayan ta dawo.

In za ka ba da amsa, ka rubuta da manyan baƙaƙe, don malamar ba ta saba da hannunka ba. Ita za ta riƙa karanta musu daga yanzu.

'Yarka.